Teburin Yaro da Maganar "In Mun Koma Gida"



Iyayena da 'yan uwana, maganar wannan makon ƙarama ce in an hango ta daga nesa. Tebur ne na katako mai 'yar kanta hawa biyu ko uku a samansa, inda yaro zai zauna ya yi karatu, ya jera littattafansa. Na san wani zai ce, haba Sakatare, ga kuɗin mota ya tashi, ga haya, ga kasuwa sai a hankali, duk ka bar waɗannan ka ɗauko maganar tebur? To a yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, domin tare da teburin nan akwai tambayar da ta shafi kusan kowane gida a zangonmu. Mutumin da ya ɗauki kansa baƙo a gari, shin ya halatta gare shi ya sa ɗansa ma ya yi zaman baƙo? Ko kuwa akwai haƙƙin da yaro yake bin ubansa wanda ba ya jiran sai an koma gida?

Mu fara da abin da kowa ya sani. A leƙa ɗakunan da yawancinmu muke haya a Sabo, ko Ojoo, ko bayan kasuwar Bodija. Ga katifa, ga akwatuna a ɗore kan juna, ga kuloli da kwanukan uwargida a jere cikin kabet suna ƙyalli, ga talabijin a kan mazauninta. Takalman Alhaji suna da kusurwarsu. Janareto ma an yi masa keji an sa kwaɗo. Abu ɗaya ne ba shi da wuri, jakar makarantar yaro. Yau tana bayan ƙofa, gobe tana ƙarƙashin gado, jibi an ɗora buhu a kanta. In dare ya yi yaro ya kwanta ruf da ciki a ƙasa yana aikin da aka ba shi a makaranta, ƙanensa ya tako littafin, ruwan wanke hannu ya fantsamo, a ce masa ya matsa za a shimfiɗa tabarmar cin abinci. Ya tattara ya koma bakin ƙofa.

Da safe kuma a shiga neman fensir, a shiga neman littafin lissafi. Uba ya fusata ya ce, "Kai ba ka da natsuwa, kullum sai ka ɓatar da abu." Mu tsaya a nan mu yi wa yaron adalci. Wanda ba a ba shi wurin ajiya ba, yaya za a tuhume shi da rashin iya ajiya? Kai da kake ɗan kasuwa, in aka ƙwace maka kanta da durowar kuɗi, aka ce ka riƙa zuba kaya da ciniki duk inda ka samu sarari a ƙasa, kwana nawa za ka yi kafin lissafinka ya rikice?

In ka tambayi magidanci me ya sa ba a yi wa yara wurin karatu ba, amsa ɗaya ce za ka fi ji: "Ai nan zaman haya muke, in mun koma gida za a yi musu komai." Wannan magana ta "in mun koma gida" ta daɗe a bakinmu. Da ita muke haƙura da ɗaki ɗaya, da ita muke tura kuɗin bulo da siminti Kano ko Sakkwato ko Katsina, kuma ba laifi ba ne mutum ya gina mahaifarsa. Sai dai mu tuna, tun 1916 aka ware wa Hausawa unguwar Sabo a garin nan. Fiye da shekara ɗari kenan. Waɗanda suka fara zuwa fataucin goro da shanu, da yawansu su ma cewa suke za su ɗan taɓa nema su koma. Wasu sun koma, wasu kuwa a nan aka binne su, jikokinsu da tattaɓa-kunnensu ne muke sahu ɗaya da su yau, suna jin Yarabanci kamar Hausa. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. To raɓar da ta shekara ɗari ba ta bushe ba, ya kamata a sake duba sunanta.

Ko mu ɗauka cewa lallai za ka koma, kuma Allah Ya nufe ka da komawa lafiya. Lissafinka da na ɗanka ba ɗaya ba ne. Kai a wurinka shekara goma sha biyu wani yanki ne na neman abinci, za ka iya cewa ci-rani ne ya ɗan yi tsawo. Shi kuwa yaron da ya shiga aji ɗaya yana ɗan shekara shida, a cikin shekara goma sha biyun nan zai gama firamare, ya gama ƙaramar sakandare, ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO. Ɗakin karatun da ka ce za ka ware masa a gidan da kake ginawa, ranar da aka yi rufi aka sa ƙofa, mai gemu ne zai shige shi. A addini ma mun san wajibai iri biyu ne. Akwai wanda in ya wuce ana rama shi, kamar azumin matafiyi. Akwai kuma wanda yake da lokacinsa, in lokacin ya fita shi kenan. Ragon da aka yanka bayan kwanakin layya sun wuce, nama ne mai daɗi, amma ba layya ba ce. Yarinta irin wannan ce, ba a rama ta. Shi ya sa nake ganin uba yana da damar ya jinkirta jin daɗin kansa har sai ya koma gida, amma ba shi da damar jinkirta abin da yaro yake bukata a shekarun da ba za su dawo ba.

Me tebur yake yi wa yaro har da za a kira shi haƙƙi? Na farko a bayyane yake: baya ya miƙe, hannu ya samu madafa, rubutu ya yi kyau, littafi ya daina yagewa. Na biyu ya fi wannan zurfi. Yaro yana karanta gidansu kafin ya iya karanta littafi. Yana ganin abin da aka yi wa mazauni da abin da aka bari yana yawo, daga nan yake gane abin da ke da daraja a wurin iyayensa. Kana iya gaya masa sau ɗari cewa ilimi ya fi dukiya, amma in ya ga janareto da keji, littafinsa kuwa a bayan ƙofa, ya riga ya fahimci wanda ya fi. Na uku, kantar nan ita ce amanar farko da za a damƙa masa. Ga wurinka, kai za ka share, kai za ka jera, abin da ya ɓata a nan kai za a tambaya. Yaron da muke fatan wata rana mu bar masa shago mu tafi Arewa wata guda hankali kwance, daga irin wannan ƙaramar amana yake farawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yanzu bari mu ɗauki uzurorin da ake kawowa, domin ba duka ne na banza ba.

Wani dattijo zai ce, malamanmu da suka haddace Alƙur'ani suka rubuta shi da ka, a kan buzu suka yi karatu, da hasken wutar kara, wa ya yi musu tebur? Gaskiya ne, Baba. Amma a duba da kyau, ba a taɓa tura yaro makarantar allo hannu rabbana ba. An sassaƙa masa allo, sau da yawa na itacen aduwa, an goge shi ya yi santsi. An feƙe masa alƙalamin gamba, an dafa tawada an zuba a kurtu, an ɗinka gafaka don kada takardu su watse. Ashe kakanninmu ma sun sassaƙa itace saboda karatun yaro. Kowane karatu da kayan aikinsa. Allo guda ɗaya ne, a rubuta, a haddace, a wanke, a jingine shi a bango. Karatun yaranmu na yau kuwa tara takarda yake yi: littafin kowane darasi daban, ga na zane, ga na Islamiyya, Ahalari da Ishmawi da Arba'una Hadisi, ga Alƙur'ani kansa. Wanda ya yi wa waɗannan mazauni, hanyar wanda ya ɗinka gafaka ya bi. Kuma mu da muke tsawata wa yaro in ya ajiye Alƙur'ani a ƙasa, mun nuna masa inda zai ɗora shi?

Aikin katako ba baƙo ba ne a tarihin addininmu. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, alaihis salam, kafinta ne. Annabi Nuhu jirgi ya ƙera da umarnin Ubangijinsa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da farko a jikin kututturen dabino yake tsayawa yana huɗuba, daga baya wani kafinta, yaron wata mata daga cikin mutanen Madina, ya yi masa mumbari na itace mai matakala uku. Huɗubar da aka yi a jikin kututture ba ta da wata tawaya, amma da aka samu abin da zai sa jama'a su fi gani su fi ji, an karɓa an yi amfani da shi. Darasin a fili yake: abin da zai sauƙaƙa isar da ilimi ba almubazzaranci ba ne.

Uzuri na biyu shi ne mai nauyi, kuma ba zan raina shi ba. Mutum zai ce, ka manta abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021? An rasa rayuka, shaguna da gidaje sun ƙone, mutane sun kwashi iyali sun hau mota da kayan jikinsu. Wanda ya ga wannan da idonsa, in ya ce ba ya son tara abin da ba zai shiga jaka ba, kada wani ya yi masa dariya. Tsoron nan yana da tushe. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, Ya kiyaye gaba.

Amma ɗan uwa, ka tambayi kanka tsakaninka da Allah. Bayan abin ya lafa, ka daina saro kaya? Ka daina cika shago da buhunan wake da albasa saboda wata rana wuta na iya tashi? Ba ka daina ba, ka ce arziki na Allah ne, ka dogara gare Shi ka ci gaba. To me ya sa tawakkalin ya ishe ka a kan kayan miliyoyi, bai ishe ka a kan falanki huɗu ba? Kuma a cikin duk abin da ka mallaka a garin nan, wanne ne ba ya ƙonewa, ba ya bukatar kuɗin lodi? Abin da ya shiga kan ɗanka. Ko an bar teburin a baya, karatun da aka yi a kansa yana cikin motar tare da ku. A hijirar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, littattafai suna cikin kayan da aka ɗauka, kuma shekarun yaƙi da yunwa da suka biyo baya ba su sa an rufe karatu an ce sai an samu zaman lafiya ba. An kuma ruwaito umarnin Manzon Allah cewa ko alƙiyama ce ta zo mutum yana riƙe da dashen dabino, in ya samu dama ya dasa. In ƙarshen duniya bai zama uzurin fasa dashe ba, zaman ɗar-ɗar ba zai zama uzurin fasa tarbiyya ba.

Akwai kuma masu kafa hujja da wasiyyar da Manzon Allah ya yi wa Abdullahi ɗan Umar, cewa ya zauna a duniya zaman baƙo ko mai wucewa a hanya. Wasiyya ce mai girma. Amma abin da take hanawa shi ne zuciya ta maƙale wa duniya. Ba ta ce a bar iyali cikin rashin tsari ba. Matafiyi na gaskiya guzuri yake tanada, kuma mun san ilimi mai amfani da ɗa nagari mai yi wa iyaye addu'a suna cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. In haka ne, teburin yaro ya fi kusa da guzurin lahira a kan kujerun falo da muke saya don baƙi.

Uzuri na uku, ɗaki ya yi ƙunci, aljihu ma haka. A nan sai a rarrabe. Wanda da ƙyar yake samun na tuwo, Allah bai ɗora masa abin da ba zai iya ba. Ko akwatin katako irin wanda ake zubarwa a kasuwa ya samo, ya goge shi, ya cire ƙusoshin da suka fito, ya kifa shi a kusurwa ya ce wa yaro nan wurinka ne, ya sauke nauyi. Da babu gara ba daɗi. Wanda kuwa yake canja waya duk shekara, yake ɗinka shadda kala uku da sallah, ya je ya tambayi farashin falanki ya kwatanta da kansa. Maganar wuri ma tana da dabara. Ana yin tebur mai naɗewa: a kafa kantar a bango, a haɗa saman teburin da irin maƙalin da ake sa wa ƙyauren taga, in an gama karatu a ɗaga shi ya rufe littattafan, in dare ya yi a shimfiɗa katifa a wurin. Sai dai a nemi izinin mai gidan haya kafin a huda masa bango, haƙƙinsa ne.

Ga wanda ya yi niyya, ga 'yan abubuwan da za a kula da su. A auna yaron, kada a auna uban. In ya zauna, tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa, gwiwar hannunsa ta yi daidai da saman teburin. Ɗan shekara shida zuwa tara, tsayin inci 22 zuwa 24 yakan yi masa, na babba kuwa inci 29 zuwa 30 ne. Tunda yaro girma yake, ana iya ɗan ɗaga teburin, a yi kujera mai tsayi, a sa masa ɗan katako ya ɗora ƙafa, in ya girma a cire. Saman tebur mai tsawon ƙafa uku da faɗin inci 18 zuwa 20 ya isa littafi biyu a buɗe. Zurfin kanta inci 10, tazarar hawa da hawa inci 13 don dogayen littattafai su tsaya. Hawan sama na Alƙur'ani da littattafan addini, amma kada ya yi nisan da sai yaro ya taka kujera zai ɗauko. A goge kusurwoyi su daina kaifi. A ɗaure kantar da bango, domin ƙananan yara hawa suke yi, kanta mai nauyi in ta rikito ba wasa ba ce. A ajiye teburin inda haske zai zo ta hagu in yaron da dama yake rubutu, ta dama in bahago ne. Fitila mai caji za a sa, kada a kunna kyandir a ƙarƙashin takardu.

Katako kuwa, a wurin 'yan katako na Bodija ko Sango, inda Yarabawa ke kira Iso Pako, akwai iri-iri. Iroko, wanda muke kira loko, yana da ƙarfi, gara ba ta cika damunsa ba, amma da tsada. Melina ba ta da nauyi kuma ta fi sauƙin kuɗi, ta isa wannan aiki. Obeche yana da laushi da daɗin aiki, sai dai ƙwaro na son sa in ba a sa magani ba. Filawud guda, mai ƙafa huɗu da ƙafa takwas, zai fitar da saman tebur da kantocin, a yi ƙafafu da katako mai inci biyu da biyu, amma a sani filawud ba ya shiri da ruwa, kumbura yake yi. Babban abin lura shi ne bushewa. Ɗanyen katako yakan yi nauyi da sanyi a hannu, in aka yi aiki da shi haka, bayan 'yan watanni zai karkace, haɗin ya buɗe. A jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna a tsakani iska ta ratsa, ya sha iska tukuna. Garin nan kuma mun san daminarsa da tsawo take, ƙasa na riƙe danshi, don haka a shafa wa ƙafafun fenti ko banish, a ɗan ɗaga su daga siminti. In kana tunanin tashi daga gidan, ka ce a haɗa da noti maimakon ƙusa da gam, ranar tashi a kwance shi a ɗaure.

Wanda yake iya riƙe zarto da guduma, ya yi da hannunsa, yaron yana riƙe masa tef yana miƙo ƙusa, a ba shi samfefa ya goge inda zai zauna. Abin da yaro ya sa hannu aka yi, ba ya yarda a lalata shi. Wanda bai iya ba, ba abin kunya ba ne, ya kai wa kafinta, amma ya tafi da yaron a auna shi a gabansa. A nan ma akwai tarbiyya. Yawancin kafintocin da ke kewaye da mu maƙwabtanmu ne Yarabawa. Yaro ya ga ubansa ya gaida mai sana'a da mutunci, an yi ciniki a fili, an faɗi irin katako da ranar karɓa, an biya a kan lokaci ba tare da ja-in-ja ba. Kada a matse mutum a farashi har ya rasa yadda zai yi sai ya sa ɗanyen katako, sannan a dawo ana cewa ya yi ha'inci. Araha ba ta ado. Shi ma kafinta, ko namu ne ko nasu, ya ji tsoron Allah, ya san yaro ne zai jingina a kan aikinsa.

Sai maganar adalci, wadda ita ce ta fi saurin kawo rigima a gida. Tebur ɗaya, yara biyar, wataƙila ɗaki biyu. Sahabi Bashir ya taɓa yi wa ɗansa Nu'umanu kyauta shi kaɗai, ya je neman Manzon Allah ya zama shaida. Da aka tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irin ta ya ce a'a, Manzon Allah ya ƙi shaidar, ya umarce shi da daidaita 'ya'yansa, ya koma ya karɓe kyautar. Kada teburin da aka yi don alheri ya zama abin da 'yan ɗakin amarya za su riƙa nuna wa 'yan ɗakin uwargida. In ba za a iya biyu ba, a yi ɗaya mai ɗan tsawo da benci, a raba kanta kowa da gurbinsa, a rubuta suna, a raba lokaci: ƙanana bayan la'asar, manya bayan isha'i.

Kuma in ana rabon gurbi, kada a tsallake 'ya mace. Sau da yawa ita ce take dawowa daga makaranta ta ajiye jaka ta ɗauki farantin talla, ta dawo ta hau wanke-wanke, ta goyi ƙane, sannan a ce ba ta da ƙoƙari a aji. Shehu Usmanu ya yi kakkausar magana a kan malaman da suke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru da ya kai ilimi ga matan karkara. Muna alfahari da sunanta, muna raɗa wa 'ya'yanmu shi. To Asma'un da ke ɗakinka, ina gurbinta?

Abu na ƙarshe, kuma shi ne jarrabawar gaske. Yin tebur aikin kwana biyu ne, barin sa ya zama na yaro shi ne aikin shekaru. Sati na farko kowa yana sha'awa. Sati na uku an ɗora kular abinci, an ɗora cajar waya, Alhaji ya zube rasiɗan kasuwa, Hajiya ta jera kayan kwalliya "na ɗan lokaci". Daga nan yaro ya koma ƙasa, kuma ya koyi darasin da ya fi na farko muni, cewa abin da aka ce nasa ne ana iya karɓewa duk lokacin da babba ya ga dama. Haka maganar aike. Yaro ya zauna kenan, a kira shi sayo magi, ya dawo a kira shi kai saƙo shago, ya dawo a ce ɗebo ruwa. A tara aiken kafin ya zauna ko bayan ya tashi. Awa ɗaya a rana, a rage muryar talabijin, a bar shi. Uban da bai yi boko ba, kada ya ce ba shi da abin yi a wurin. Ya jawo kujera ya zauna minti goma ya ce, "Karanto mini abin da aka koya muku yau." Ko bai gane Turancin ba, yaron ya gane cewa ubansa ya ajiye lissafin kasuwa saboda shi.

Jami'ar farko a ƙasar nan, wadda aka buɗe a 1948, tana nan kusa da kasuwar Bodija inda muke sauke kaya kullum. Muna wucewa ta ƙofarta a mota da a babur. Babu dokar da ta hana yaron da aka haifa a Sabo ya shiga ta ƙofar nan a matsayin ɗalibi, ya fito likita ko lauya ko malami, ya amfani mutanen zango da mutanen gari da mutanen can gida. Tebur shi kaɗai ba zai kai shi ba, shiriya da buɗi na Allah ne. Namu shi ne mu yi abin da ke hannunmu a lokacinsa.

Shawarata ga iyaye, kafin Juma'a mai zuwa kowa ya tsaya a ƙofar ɗakinsa ya duba inda jakar yaransa take kwana. Masu hali kuma su tuna da marayu da 'ya'yan waɗanda ba su da ƙarfi a cikinmu. Wanda zai yi wa ɗansa ɗaya, in Allah Ya hore masa, ya ce wa kafinta ya yanka biyu. Wanda yake da ragowar falanki a shago ko a wurin gini, ya sanar da mu bayan salla, za a san inda za a kai.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya sa su zama masu yi mana addu'a bayan ba mu. Allah Ya zaunar da garin nan da ƙasarmu lafiya, Ya kai matafiyanmu gida lafiya, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.